Yadda ake mayar da ɗan kango a tsakiyar birni wurin shan iska

Gurbin gida ɗaya da aka rushe, ko kusurwar da ta yi saura bayan an fitar da titi, ko ɗan sararin da ke tsakanin benaye biyu, kowanne ya isa a yi wurin hutawa. Paley Park da ke birnin New York, wanda aka buɗe a 1967 kuma masu tsara birane ke kafa misali da shi har yau, bai wuce murabba'in mita 390 ba. Yawancin irin waɗannan wurare da suka koma juji, an tsara su ne don su yi kyau a hoton ranar buɗewa, aka manta da mutumin da zai zo ya zauna.

Kafin a zana komai

A fara da takarda: filin na wane ne, kuma izinin amfani da shi na shekara nawa ne, duk a rubuce. Sai a nemi taswirar abin da ke binne daga hukumomin ruwa, lantarki da sadarwa. Bishiyar da aka dasa a kan bututu, ranar da bututun ya fashe ita za a fara sarewa.

Daga nan a je a zauna a wurin, aƙalla kwana uku, ɗaya daga ciki ranar da ba a aiki: da safe, da rana tsaka, da yamma, da bayan duhu ya yi. A ƙirga masu wucewa na minti goma a kowace awa, a shata inda inuwar gine-gine ke faɗuwa, a lura da 'yar hanyar da sawun mutane ya riga ya fitar. Wannan hanya kada a yi jayayya da ita. Ko an dasa furanni a kanta, ta nan za a bi.

William H. Whyte, mai nazarin birane wanda ya yi shekarun 1970 yana ɗaukar dandalolin New York da kyamara, ya gano abu biyu da kowa zai ce ai sananne ne, amma kullum ake saɓa musu: mutane suna zama ne inda aka tanadi wurin zama, kuma mutane ne ke jawo mutane. Don haka kangon da ke bakin hanya mai zirga-zirga ya fi wanda ke lungu, ko da na lungun ya fi faɗi da shiru. A bar aƙalla rabin fuskar da ke kallon titi a buɗe, kuma daɓen wurin ya zo daidai da na masu tafiya a ƙafa. In ya zama dole a ɗaga shi ko a nutsar, kada ya kai mita ɗaya. Wurin da mutum ba ya hango cikinsa daga titi, ba zai shiga ba.

Ƙasa da bishiya

A nan ne mafi yawan aikin yake, kuma a nan aka fi yin ha'inci, tunda ba a gani. Ƙasar kango yawanci ɓaraguzai ce da guntayen siminti, motocin gini sun danne ta ta koma kamar dutse. A haƙa rami mai zurfin santimita 40 a wuri biyu ko uku, a cika da ruwa, a bari ya tsotse, a sake cikawa. In bayan awa 24 ruwan na nan kwance, ƙasar ba ta shan ruwa. Sai an farfasa ta an sa bututun tsane ruwa a ƙasa, in ba haka ba saiwa za ta ruɓe. In an taɓa yin garejin mota, gyaran batir ko aikin fenti a wurin, a kai samfurin ƙasar ɗakin gwaji a duba dalma da mai, domin yara za su yi wasa a ciki kuma hannunsu ba ya rabuwa da baki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a huda kankare mita ɗaya kan mita ɗaya a cusa dashe. Bishiyar za ta yi kore shekara biyu ko uku, sai ta tsaya cak, ko kuma saiwarta ta ɗaga daɓen tana neman iska. Babbar bishiyar inuwa tana son ƙasa mai laushi da ta kai kusan kubik mita 28. Zurfi ba shi ne damuwa ba, mita ɗaya ya wadatar, domin yawancin saiwa a santimita 60 na sama take, gefe take bazuwa. Shi ya sa dogon rami guda da bishiyoyi uku ko huɗu za su yi tarayya a ciki ya fi ƙananan ramuka huɗu. Inda dole ne a yi daɓe a sama, akwai dabarar da birnin Stockholm ya yi suna da ita: a zuba manyan fasassun duwatsu, a cike tsakaninsu da gawayi da taki. Duwatsun su ɗauki nauyin masu tafiya, saiwa kuma ta bi ta tsakaninsu.

Wajen zaɓen iri, a nemi wanda ya saba da yanayin yankin, mai buɗaɗɗen kai, marar ƙaya, marar 'ya'yan da ke faɗuwa su sa santsi, a kuma nisanta shi da bango kamar mita uku. Ramin dashe ya ninka faɗin dunƙulen saiwa biyu ko uku, amma kada ya fi shi zurfi: wuyan bishiyar, inda gindi ya fara buɗewa, ya tsaya daidai da fuskar ƙasa. Binne wuya yana kashe dashe a hankali, sai bayan shekaru a rasa dalili. A rufe gindin da ɓawon itace ko busasshen ganye kaurin santimita 5 zuwa 8, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin bishiyar. Turken tallafi a ɗaure shi sakwa-sakwa, a cire bayan shekara guda. Ban-ruwa kuwa lita 50 zuwa 75 a mako, a zuba a hankali sau ɗaya ko biyu, har shekara biyu zuwa uku. Yayyafin kullum saiwa yake hanawa nitsawa.

Ciyawa a ƙaramin wuri mai yawan ƙafa ba ta zama. Wata kaɗan ta koma ƙura ko taɓo. Gara daɓen bulo mai barin ruwa ya ratsa, da gangaren santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ya nufi wajen bishiyoyin. Duk kwarin da aka yi don tara ruwan sama ya bushe cikin awa 48, tunda sauro mako ɗaya zuwa kwana goma yake buƙata daga ƙwai zuwa tashi.

Wurin zama

Dokar da New York ta yi a 1975 bisa binciken Whyte ta ba da ma'aunin da har yanzu yake aiki: kusan mita ɗaya na wurin zama ga kowane murabba'in mita tara. Filin da ya kai murabba'in mita 300 ke nan yana son mita 33, wato ya ninka abin da akan sa nesa ba kusa ba. Ba dole duka ya zama benci ba. Dakalin da ya kewaye bishiya wurin zama ne, muddin tsayinsa ya kai santimita 43 zuwa 45. In ana so a zauna ta fuska biyu, faɗinsa ya kai 75, kada bayan wani ya riƙa gogar na wani.

Wasu bencinan su kasance da majingina da madafar hannu, domin tsoho da mai juna biyu da ita suke miƙewa. A kafa su baya ga bango ko shuka, fuska ga masu wucewa, wasu a jere, wasu a kusurwa yadda mutum uku za su yi hira ba tare da murɗa wuya ba. Ƙarfe da baƙin dutse a rana ƙuna suke yi. Katako ya fi. A bar gurbin santimita 90 a gefen benci don keken guragu, faɗin hanya ya kai mita 1.5, gangaren hawa kuma kada ya wuce tashin mita ɗaya a tsawon mita 12.

Kujerun da ake iya ja sun fi komai farin jini. Ka lura da mai zama: zai ɗan matsar da kujerar taki ɗaya, wani lokaci ya mayar da ita kusan inda take, sannan ya zauna. Wurin ya zama nasa ke nan. Tsoron sata ne ke hana sa su, kuma maganinsa mai tattara su da dare.

Ƙarar motoci fa, layin bishiya ɗaya ba ya tare ta, ido kawai yake karewa. Paley Park ya rufe ta ne da ruwan da ke kwarara a bango mai tsayin mita shida. Sai dai in babu kuɗin lantarki da gyaran injin na kowace shekara, a haƙura. Busasshen tafkin ado kwandon shara yake komawa. Fitila a sa ta a tsayin mita 3 zuwa 4, ƙarƙashin rassa, haske mai ɗan ruwan ɗorawa wanda ya bazu ko'ina. Fitila ɗaya mai kashe ido duhun gefenta take ƙarawa. Ƙananan shuke-shuke kada su wuce ƙugu, rassan bishiya kuma a sassabe su sama da mita biyu, yadda za a hango wurin daga wannan gefe zuwa wancan.

Wa zai kula da shi

Kafin a zuba bulo ɗaya, a san sunan wanda zai yi shara kullum, da wanda zai biya shi, da inda famfon ban-ruwa yake. Kwandon shara a bakin fita, nesa kaɗan da benci saboda wari da ƙuda. Abin da ya karye a gyara cikin kwana biyu, domin benci ɗaya da aka bari a karye yana gaya wa kowa cewa wurin ba shi da mai shi. Ɗan kanti ko mai sayar da abin sha a bakin ƙofa ya fi mai gadi amfani: yana nan wuni guda, kuma tsabtar wurin cinikinsa ce.

In ana shakkar tsarin, a gwada shi da fenti, tukwanen shuka da kujerun aro na makonni kaɗan. A 2005 wasu masu zane a San Francisco suka biya kuɗin ajiye mota na awa biyu, suka shimfiɗa ciyawa a gurbin, suka kawo benci da bishiya a tukunya, mutane kuwa suka zauna. Daga nan birnin ya soma mayar da gurabun mota wuraren zama a hukumance.

Bayan wata shida da buɗewa a maimaita ƙirgar farko, a awannin da aka yi ta, a ware mata daban. Whyte ya lura cewa dandalin da ya karɓu yakan fi yawan mata, domin sun fi tantance inda za su zauna. In suka yi ƙaranci, a fara duba fitila, da shukar da ta tsawo ta tare gani, da kusurwar da mutum ba zai iya fita ta wata hanya ba.