Yadda Za Ka Riƙe Haƙorin Dashe Ya Daɗe a Bakinka

Shekara shida ke nan da aka dasa mini haƙorin gaba, bayan kabu-kabu ya zubar da ni a hanyar Mabera. Har yau yana nan daram, amma sai da na ji jiki kafin na iya riƙonsa.

Ka fara sanin abin da za a sa maka. Wata 'yar ƙusa ce ta ƙarfen titaniyam ake kafawa a ƙashin muƙamuƙi, a bar ta wata uku zuwa shida har ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora haƙorin a kai. Waɗannan watanni su ne komai. Ni koko, fura da alala suka riƙe ni a makonnin farko, ina kallon ana cin kilishi ina haɗiyar miyau. Kada ka riƙa taɓa wurin da harshe don ka ji ko ya kama. Ƙyale shi.

Idan kana da ciwon suga, ka faɗa wa likita tun kafin ya taɓa ka, a daidaita shi tukuna. Mai shan sigari kuwa ya ajiye ta, domin tana hana ciwo warkewa, ƙusar ta ƙi kamawa.

Ga inda na yi sake. Wannan haƙori ba ya ruɓewa, ba shi da jijiya, sai na ɗauka an gama. A shekara ta biyu na fara ganin jini a buroshi duk asuba, dasashin ya ɗan kumbura, amma babu zafi, na share. Da na koma asibiti, likita ya ce: "Malam, da ka ƙara jinkiri, ƙashin da ke riƙe da ƙusar ne zai fara zaizayewa." Aka wanke wurin, na tsira. Tun daga ranar nake goge baki safe da dare da buroshi mai laushi, in bi gefen dasashi da zaren sakace, asuwaki ma a hankali. Duk wata shida ina zuwa a duba.

Jini, wari ko mugunya, kada ka tsaya kan ruwan gishiri, ka tafi asibiti. In ka ji haƙorin yana motsi, sau da yawa ɗan sukurun da ke haɗa shi da ƙusar ne ya kwance, a ɗaure shi cikin 'yan mintoci. In ƙusar ce da kanta ke girgiza, sai dai a cire.

Rake na bar shi. Goro ma sai na yanyanka shi da wuƙa, in tauna ta gefe, abokai a kasuwa suna yi mini dariya.