Kurakuran da muke yi game da labaran kimiyya da na almara

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ɗan yayata ya zo gidanmu nan Mabera, yaro ne ɗan aji biyar a sakandare, yana zaune a zaure yana ta tura waya ƙarƙashin riga duk lokacin da wani ya gitta. Na ce kai mi kake ɓoyo haka? Ya ce Kawu ba komai, littafi ne. Sai da na matsa mai sannan ya nuna min, ashe labari ne na wasu mutane da suka bar duniyar nan cikin jirgin sama jannati suka je neman wurin zama a wata duniyar, kuma wai abokansa na mai dariya suna cewa babba da shi yana karatun ƙarya, a makaranta ma an ce mai ɓata lokaci ne. Abin ya sosa min rai wallahi, don ni ma an taɓa ƙwace min irin wanga littafi a aji ina yaro, kuma har yau ba a maido min ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta kurakuran da nake gani, wasu na masu zagin irin waɗannan littattafai ne, wasu kuma namu ne mu masu karantawa.

Wanda ya fi yawa shi ne wanga na "ai ƙarya ce". To jama'a wa ya ce gaskiya ce? Mu da muka tashi ana mana ga ta nan ga ta nanku a tsakar gida bayan isha'i, Inna ta ba mu labarin Gizo ya ci amanar Ƙoƙi, Dodo ya haɗiye gari guda, in ta gama ta ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Kun ga tun a nan Bahaushe ya raba ƙarya da ƙirƙira, ƙarya ita ce wadda ake so ka yarda a cuce ka, ƙirƙira kuwa da mai faɗi da mai ji duk sun san ba a yi ba. Littafin soyayyar da ake yawo da shi a guruf na WhatsApp ma ai ba a yi ba, babu wani Alhajin babu wata amaryar, amma ba wanda ke cewa a daina. In an ce maka ƙarya kake karantawa kada ka tsaya musun cewa zai iya faruwa, ka ce eh ƙirƙira ce, sannan ka faɗa mai abin da labarin ke magana a kai. Mafi yawan masu dariyar ba su taɓa jin wannan ɓangaren ba.

Sai masu cewa abin Turawa ne, mu ba mu gada ba. Wannan kam rashin bincike ne kawai. Littattafan farko da aka buga na ƙagaggun labarai da boko, waɗanda suka fito daga gasar 1933, ku duba su mana. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam mutum ne ya bazama duniya neman wani ruwa mai magani har ya shiga hannun aljanu, Ganɗoki na Bello Kagara kuma jarumi ne da ya gwabza da Turawa daga baya ya faɗa ƙasashen aljanu yana yaƙi. Almara ce zalla, kuma da ita aka buɗe fagen. A ɓangaren kimiyya akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo da ya fito a 1969, shekarar da 'yan Amurka suka sauka kan wata, labarin yaro Bahaushe da wata halitta ta ɗauka ta yi sama da shi yawon sararin samaniya. Iyayenmu da yawa sun karanta shi a makaranta, su ne kuma wasunsu yau ke hana 'ya'yansu irinsa, abin na ba ni mamaki. In ka koma baya can cikin Dare Dubu Da Ɗaya akwai dokin katako da ake murɗa wani maɓalli a jikinsa ya tashi sama, a murɗa wani ya sauko, ba aljani ke ɗauke da shi ba, na'ura ce wani gwani ya ƙera. Yanzu ma 'yan ƙasar nan na cikin manyan fagen, Nnedi Okorafor wadda iyayenta Inyamurai ne ta ci kyautar Hugo a 2016 da Binti, Tade Thompson ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019 da Rosewater wanda labarinsa a Najeriya yake faruwa a shekarar 2066. To ina Turancin abin?

Akwai kuma haɗa biyun wuri guda, a kira su duka "labarin aljanu". Ba ɗaya ba ne. A almara in darduma ta tashi sama ta tashi kenan, ba ka tambayar injin, abin da za ka lura da shi shi ne dokar da marubucin ya kafa, wa ke iya tada ta, mi ake biya kafin ta tashi, kuma ya riƙe dokar har ƙarshe ko ya karya ta don ya ceci jaruminsa. A labarin kimiyya kuwa marubuci na ɗaukar abin da aka sani ne ya ja shi gaba ya ce to in abin ga ya ci gaba haka fa, ina za a kwana? Wanda ya shiga almara yana neman lissafi zai fito da haushi, wanda ya shiga na kimiyya yana jiran boka shi ma haka. Ka san wanda ka ɗauka tun daga shafin farko.

Maganar addini ita ce mai nauyi, kuma ba na son a yi mata riƙon wasa don nan Sakkwato ne, garin Shehu, ba wanda ke son ɗansa ya buɗe littafi ya fito da shakka a zuciya. Kuskuren ta fuska biyu yake zuwa. Wasu da sun ji kalmar tsafi ko maye a labari shike nan an rufe, haramun, alhali Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce da aka karantar da mu a aji cike suke da bokaye da aljanu kuma ba wanda ya fita daga ajin ya tafi neman boka. Karanta labarin ɓarawo ba sata ba ne. Wasu kuma, musamman samarinmu da suka fara jin Turanci, sai su haɗiye duk abin da marubuci ya zuba ba tacewa, alhali wasu marubutan da gaske suna da aƙidar da suke turawa, wasu littattafan ma akwai batsa a ciki ƙarara. Abin da nake yi ni, kafin in ba yaro littafi sai na karanta ko na bincika mi ke ciki, in akwai wurin da ya saɓa wa abin da muka yi imani da shi mu zauna mu yi maganarsa a fili, in kuma abin ya shige min duhu akwai malamai a kowace unguwa, a tambaye su, amma a kai musu abin da littafin ya ƙunsa ba jita-jitar da aka ji a Facebook ba. Ƙwace littafi ba ya hana karatu a zamanin ga, yaron zai sauke wani a waya cikin dare, sai dai ya daina gaya maka.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, don mu masu karatun ne ke yinsa. Muna ɗauka waɗannan littattafai duba ne, wai suna faɗin abin da zai faru. Za ka ji ana cewa kai Jules Verne ya rubuta tafiya wata tun 1865, shekara ɗari da huɗu kafin a je. Gaskiya ne ya rubuta, amma a cikin wata ƙatuwar igwa ya harba mutanensa, da an gwada haka da ba wanda zai rayu. In don hasashe kake karantawa za ka ga kuskure ya fi dacewa yawa. Abin da suke yi da gaske shi ne maganar zamaninsu da mutanensu, sai su sa mata rigar wata duniya don a iya kallonta da kyau.

Bari in ba ku misalin da ya sa na gane haka. H. G. Wells ya fitar da The War of the Worlds a 1898, labarin wasu halittu daga duniyar Mars da suka sauka a Ingila da makaman da ba a taɓa gani ba, suna ƙone sojoji kamar kara, mutanen Landan na gudu da kaya a ka. Da na fara karanta shi daɗin faɗan kawai na ji. Sai daga baya na lura tun a babin farko mutumin ya tuna wa 'yan uwansa Turawa abin da suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya, yana nufin ku ɗanɗana yadda ake ji in wanda ya fi ku makami ya sauko muku. To ku lissafa, shekara biyar bayan fitowar littafin, ran 15 ga Maris 1903, sojojin Ingila suka tsaya a filin Giginya da bindiga mai ruwa da igwa, mutanenmu na kan dawaki da takubba da masu, kafin rana ta yi tsaka an gama, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har aka cim masa a Burmi a watan Yuli. Duk Basakkwacen da ya karanta littafin nan da Giginya a ransa zai ga abin da Bature mai karatu ba zai gani da sauƙi ba, don a labarin nan mu ne mutanen Landan. Tun ranar na daina karanta irin waɗannan littattafai a matsayin labarin wasu can.

Haka Dune na Frank Herbert, 1965. Duniya ce ta hamada zalla, ruwa ya fi zinari, mutanenta na sa wata riga da ke tara gumin jiki ta tace shi su sake sha, in mutum ya tofa miyau a gabanka girmamawa ce don ya ba ka ruwan jikinsa. Wanda ya yi watan Afrilu a garin nan, zafi ya haura digiri 40, famfo ya ƙafe ana jiran mai ruwa da kurarsa tun asuba, ko wanda ya je wajen Illela da Gada ya ga yadda rairayi ke cin gona, ba ya buƙatar a yi mai sharhi. Sai dai a kula, marubucin ya ɗebi kalmomin Larabci da na Musulunci irin su Mahadi ya juya su yadda ya ga dama, ba daga nan ake koyon ma'anarsu ba, mu da aka yi tawayen masu da'awar Mahadi a Satiru, bayan garinmu, a 1906 mun fi shi sanin nauyin kalmar. In ka ɗauki littafi ka riƙa tambayar kanka, wa ke da iko a wannan duniyar, wa aka danne, mi suke tsoro, kuma a ina na san wannan a garinmu.

Sauran kurakuran ƙanana ne amma su ke sa mutane ajiye littafi. Mutum bai taɓa gama littafin Turanci ba sai ya fara da The Lord of the Rings mai shafi sama da dubu don ya ga fim ɗinsa, kwana uku ya gaji ya ce abin ba daɗi. Fara da gajerun labarai ko da na Hausa tukuna. Wani kuma kowace kalma sai ya buɗe ƙamus, alhali rabin baƙin kalmomin marubucin ne ya ƙirƙiro su, ba su cikin kowane ƙamus, ka ci gaba kawai, shafi talatin ko hamsin na farko dama cikin duhu ake tafiya kamar baƙo a kasuwar da bai sani ba, daga baya ido ke buɗewa. Masu cewa na ga fim ɗin ba sai na karanta ba, fim faɗan yake ɗauka ya bar tunanin. Batun kuɗi kuma, tsofaffin irin su Wells da Verne suna nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg bisa halal, data kaɗan suke ci.

Da zai tafi na shiga ɗaki na lalubo mai tsohon kwafin Ganɗoki da bangonsa ya fita, na kuma sauke mai Wells a wayarsa, na ce in ya gama duka biyun ya zo ranar Juma'a bayan la'asar mu hau mashin mu je Giginya ya ga wurin da idonsa. Ya ce Kawu ba nan ne filin ƙwallo ba? Na ce nan ne, karanta dai tukuna.