Kurakuran da ke hana talabijin kamawa a motar RV, da yadda zaka gyara su

Assalamu alaikum jama'a. Wannan rubutun na ƴan'uwanmu ne mazauna Amurka masu hayar RV ko waɗanda suka sayi tasu, irin motocin nan masu gado da kicin da banɗaki a ciki, da ake ɗiban iyali a cikinsu lokacin dogon hutun yara a nufi Yellowstone ko bakin teku a Fulorida. Ƙorafin kusan guda ɗaya ne kullum, an iso masauki an gaji, an kunna talabijin allo ya nuna babu sigina, yara sun fara ƙunƙuni, nan take maigida ya yanke hukuncin eriya ta mutu, gari na wayewa yaje ya zubar da ɗaruruwan daloli kan sabuwa. Wallahi abin yana min ciwo, domin a mafi yawan lokuta eriyar lafiyarta ƙalau. Talabijin ɗin ne baisan kun tashi daga inda kuke ba, kuma duk inda ka yada zango dole ka sake masa saiti daga farko.

Toh mu fara da sikanin, wato sa talabijin ya nemo tashoshin inda kake, rashin yinsa shine kuskuren da yafi kowanne yawa. Tun 12 ga Yunin 2009 manyan tashoshin Amurka suka bar analog suka koma dijital, kuma tashoshin dake ajiye a ƙwaƙwalwar talabijin ɗinka na garin da akayi sikanin na ƙarshe ne, idan a Dalas akayi kai kuma yanzu kana Kolorado toh da wuya kaga wani abu ko da hasumiyar tashar tana bayan motarka. Ka ɗauki rimot ka shiga menu, wajen tashoshi, ka sa ya nemo da kansa. Amma kafin ka danna ka duba abu ɗaya, zai tambayeka Antenna ko Cable (wasu suna rubuta Air a madadin Antenna), idan eriyar saman mota kake so kuma aka barshi akan Cable zai gama zagayensa tsaf ya dawo maka da sifili. Masu motar haya ku kula da wannan sosai, bakusan yadda wanda ya riƙe motar kafin ku ya bar saitin ba.

Na biyu kuma, wanda ni a ganina yakamata kamfanonin haya su riƙa nuna wa mutum tun kafin su miƙa masa makulli, shine ɗan maɓallin busta, wato mai ƙara wa siginar eriya ƙarfi. Ka leƙa bayan talabijin ko cikin ƴar durowar dake samansa, zakaga wani farin faranti a jikin bango inda wayar eriya take shiga, wani lokacin harda soket na bolt 12 irin na kunna sigari, a gefe akwai wani ɗan mitsitsin maɓalli baƙi da ƴar fitila kore ko ja, idan bakasan dashi ba sai ka shekara baka lura ba. Wannan maɓallin shike tura wuta zuwa amfilifaya dake cikin eriyar. Ka'idar mai sauƙi ce, idan da eriya zaka kalla ka kunna fitilar ta kama, idan kuma ka jona wayar kebul ta masaukin ne toh ka kashe, saboda idan busta na kunne siginar kebul bazata wuce yadda yakamata ba, sai kaga hoto yana yayyafi ko babu gaba ɗaya, mutum yaje ofishin masauki yana faɗa alhali gyaran yana ƙarƙashin yatsansa. Idan ka danna fitilar taƙi kamawa, duba fiyus na bolt 12 da kuma batirin ɓangaren ɗaki. Kuma in zaka ajiye motar na kwanaki ka kashe shi, yana tsotsar batir a hankali.

Sai batun inda eriya take fuskanta. Yawancin tsofaffin RV suna zuwa da eriyar Winegard Sensar, mai fukafukai biyu wadda ake murza hannunta daga silin ta miƙe sama, bayan ta miƙe akwai zobe a jikin hannun da zaka jawo ƙasa ka juya ta. Mutane suna ɗaga ta su barta a yadda ta tashi, shikenan wai sun gama. A'a ɗan'uwa, abin kamar neman alƙibla ne a garin da ka sauka baƙo, tambaya akeyi tukunna. Ka buɗe taswirar tashoshin dijital ta hukumar sadarwar Amurka FCC ko shafin AntennaWeb a wayarka, ka saka lambar zip ta inda kake, zai nuna maka ta ina hasumiyoyin suke da nisansu, in babu netwok ka fito waje ka kalli inda eriyoyin maƙwabta suka juya. Ka juya kaɗan, ka dakata ƴan daƙiƙu, sannan ka ƙara, saboda dijital ba irin analog ɗin da muka taso dashi bane da zaka riƙa ganin hoto yana washewa sannu a hankali yaro na ihu daga ɗaki yana cewa ya kusa, shi dijital ko dai hoto tar ko ya daskare ya farfashe ko babu. In ka juya ta sosai ka sake sikanin. Tashoshin eriya a zango biyu suke watsawa, VHF da UHF, ita Sensar asali tafi ƙarfi a zangon VHF, yanzu kuma yawancin tashoshi suna kan UHF, shi yasa kamfanin ya fitar da wani ɗan ƙari mai suna Wingman da ake maƙala mata a ƙasa, yafi sayen sabuwar eriya araha nesa ba kusa ba. Eriyoyi masu zagayen nan irin faifai dake kan sababbin motoci basa buƙatar juyi, amma basa jawo sigina daga nesa kamar mai fuskantar waje ɗaya.

Don Allah kuma ku daina yarda da tallan eriyar da akace tana kamowa daga mil 150 ko 200. Siginar talabijin a miƙe take tafiya, duniya kuma a lanƙwashe take, in ka wuce kamar mil 60 zuwa 70 daga hasumiya abin ya zama sai an dace, balle ace kana cikin kwari irin na Yosemite duwatsu sun kewaye ka ta kowane gefe. A irin wannan wajen ba laifin kayanka bane, kada ka sayi komai.

Akwai wata matsala da ba kowa ke kawo ta a rai ba, fitilun LED masu araha. Hoto yana tafiya lafiya da rana, magariba nayi aka kunna fitilu sai wasu tashoshi su ɓace, musamman na VHF. Gwajin baya cin ko sisi, ka bar tashar a kunne ka riƙa kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya, ka zare cajojin waya, in da hali ka kashe inbata, wanda ka kashe hoto ya dawo shine ɓarawon, sai ka canza shi da mai kyau.

Wayoyi ma suna da nasu. Mota ce dake girgiza akan titi na sa'o'i, kawunan waya suna kwancewa, wanda ke kan rufi kuma rana da ruwan sama suna cinsa. Ka hau da tsani a hankali ka kwance kan wayar daga jikin eriya ka kalli cikinsa, idan kaga ƴar allurar tagullar nan ta tsakiya tayi kore ko baƙi, ko ruwa ya taru a cikin robar dake rufe ta, toh ka samo matsalar, a yanke a sa sabon kai a ɗaure da kyau. In zaka sayi waya ka sayi RG6, ka bar siririyar RG59. Sannan duk abin raba waya gida biyu da aka saka yana cinye kusan rabin ƙarfin sigina, motar dake da talabijin a falo da ɗakin kwana da kuma waje kaga ai an raba ta har ta gaji.

Yanzu masu dish. Anan kuskuren tun wajen kama fili a masauki ake tafka shi, kowa yana son fili mai inuwa ƙarƙashin manyan bishiyoyi, kuma gaskiya da zafi inuwar tana da daɗi, amma taurarin ɗan'adam na kamfanonin DISH da DIRECTV suna can saman ikwaita kusan kilomita 35,786 daga ƙasa, daga Amurka ta kudu ake hango su, reshe ɗaya mai ganye ya isa ya tare. Idan dish ɗinka a kafe yake a rufin mota toh ka nemi filin da kudunsa yake a buɗe tun lokacin kama filin. Ni nafi son na ɗauka-ka-ajiye irinsu King Tailgater ko Winegard Playmaker saboda motar tana inuwa shi kuma ka kaishi fili, sai dai ka duba takardarsa, yawanci basa son wayar ta wuce ƙafa 50. Kuma ta cikin wannan wayar dikoda take bashi wuta, saboda haka in ka jona shi ta ramin da aka rubuta Cable a jikin mota ya bi ta busta da abin raba waya bazai ko motsa ba, ka nemi ramin da aka ware wa satalayit, in babu ka zuro wayar ta taga kai tsaye zuwa dikoda. Wani abin kuma, mai DIRECTV yaje ya sayi irin waɗannan masu kama da tukunya yana jiran hoton HD, bazai samu ba, HD ɗinsu yana kan taurarin digiri 99 da 103 waɗanda ƙananan nan basa kamawa, sai babban dish irin Trav'ler. Shi yasa masu yawo da yawa suke zaɓar DISH, ga kuma tsarin biyan wata-wata da zaka iya dakatarwa idan ka dawo gida. Tashoshin gari kuma irinsu ABC da NBC na yankinku, haskensu a taƙaice yake kan yankin, kana yin nisa zasu ɗauke, sai ka shiga manhajar kamfanin ko ka kira su ka canza adireshin inda kake.

Ƴan'uwa masu tahowa da kaya daga gida, dikodar Strong da ka saba kamo Nilesat da ita a Kano ko ta DStv bazasu kawo maka waɗancan tashoshin anan ba, hasken waɗannan taurarin baya sauka a Amurka. Wanda ake samun tashoshin ƙasashen waje na kyauta akansa a nan shine Galaxy 19 a digiri 97 yamma, kuma dish yake so babba wanda zaka saita da hannu. Talabijin ɗin da aka sayo a Najeriya ko Nijar ma na'urar kama tashoshi dake cikinsa ba ta tsarin ATSC na Amurka bace, bazai kama tashoshin eriya ba sai da ɗan akwatin canji.

In kuma Arewa24 ko BBC Hausa ko tafsirin azumi a YouTube ake so, wannan aikin intanet ne, kuma kada ka dogara da waifai na masauki, da daddare kowa ya hau kansa ko saƙo da ƙyar yake fita. Masu hotspot su lura, layin da aka ce maka bashi da iyaka yawanci akwai adadin da in ka kai a hotspot sai su rage maka gudu, Netflix kaɗai a HD yana iya shan gigabayit 3 a awa ɗaya, 4K kuma har 7, ka sauke ingancin hoto a saiti, ka kuma saukar wa yara abin kallonsu tun kuna gida. Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, yana aiki a dajin da babu netwok, amma shima bishiya ce abokiyar gabarsa, akwai wajen duba shinge a manhajarsa da zaka ɗaga kyamarar waya sama kafin ka ajiye shi, kuma yana jan wuta, in ba'a jone kuke da lantarki ba ka lissafa batirinka.

Sai ranar tashi. Mutane da yawa sun karya eriya a reshen bishiya ko ƙarƙashin gada saboda sun ja mota tana miƙe, wani lokacin har ta ɓalle rufin ruwa ya fara zuba. Kafin ka murza ta ƙasa ka juya zoben har kibiyoyin nan biyu dake jikinsa da jikin silin su haɗu, in ba haka ba bazata kwanta a mazauninta ba kuma zaka cinye haƙoran giyar. Dabarar da tsofaffin masu RV keyi itace da zarar sun ɗaga eriya sai su rataye makullin motar a jikin hannun murzawar. Kafin ka tada inji kuma ka fito ka zagaya motar sau ɗaya ka ɗaga kai ka kalli rufin, ka tabbatar ka cire wayar kebul daga jikin sandar masaukin ka naɗe ta.