Yadda Ake Gayyato Mutanen Gari Su Koyar a Makarantar Sakandare ta Ƙaramin Gari

Duk wanda ya taɓa koyarwa a sakandaren jeka-ka-dawo ta ƙaramin gari ya san halin da ake ciki. Malamai ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Mutum ɗaya na riƙe da lissafi da fizis, wani lokaci har da kemistiri. Ɗan bautar ƙasa kuwa, kafin yara su saba da muryarsa, shekararsa ta cika ya ɗauki jakarsa. A 2011 manhajar babbar sakandare ta shigo da darussan sana'a irin su kiwon dabbobi, kiwon kifi, ɗinki, rini, aikin fata da gyaran wayar hannu, amma a makarantu da yawa a kan allo aka riƙa kiwon kifin, da alli.

Alhali a bayan katangar makarantar akwai mutanen da waɗannan ayyukan ne abincinsu. Akwai maƙeri, akwai tela, akwai malamin gona, akwai ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, akwai yaron da ke haɗa wa mutane sola. Na yi shekaru ina jawo irin waɗannan mutane aji a wata makaranta da ke yankin noman rani na kudancin Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da shinkafa da tumatir. Ga yadda abin ke tafiya in ana so ya yi amfani.

Fara daga manhaja, kada ka fara daga baƙo

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce, "Wane ya zo gida hutu daga Abuja, a kira shi ya yi wa yara magana." Sai a tara makaranta gaba ɗaya a ƙarƙashin darbejiya, ya yi awa guda yana cewa a dage da karatu, a yi tafi, a watse. Washegari ka tambayi yaro me aka ce, ba zai iya kawo maka jimla biyu ba.

A makon farko na zango, ku zauna da malamai kowa ya buɗe tsarin darussansa, ya fito da batu ɗaya ko biyu da ya san yana koyar da su ne a baki kawai, babu abin nunawa. Sannan a tambaya: wa ke yin wannan da hannunsa a garin nan?

Misali, malamin kemistiri na fama da bayanin yadda iska ke sauya sinadari. Marini ya san wannan tun yana yaro, ko da bai san sunansa na boko ba: ana tsamo zane daga ruwan baba yana kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe ya koma shuɗi a kan idonka. Abin da ake yi ke nan a karofin Ƙofar Mata a Kano tun ɗaruruwan shekaru. Malamin fizis na maganar zafi da ƙarfe. Maƙeri zai nuna yadda zuga-zugi ke ƙara wa gawayi ƙarfin wuta, yadda launin ƙarfe ke sauyawa a cikinta, da abin da ya sa ake tsoma shi a ruwa bayan an gama dukansa. Malamin lissafi na kan kaso cikin ɗari. Malamin gona zai ajiye buhun yuriya a gaban aji. An rubuta 46 a jikinsa, buhun kuma kilo 50 ne, to kilo nawa na sinadarin naitirojin manomi ya saya? Amsar 23 ce. Kamfa mai 15-15-15 kuma kilo bakwai da rabi na kowane ɗaya cikin sinadaransa uku. Yaron da ubansa ke sayen taki kowace damina ba zai manta wannan lissafin ba, kuma da dare zai kai shi gida.

Baƙo uku ko huɗu a zango sun isa. Fiye da haka sai abin ya koma biki.

Bi ta ƙofa

Wannan matakin gajere ne amma ba a tsallake shi. Shugaban makaranta ne farko, shi zai san ko akwai buƙatar sanar da ofishin ilimi na shiyya. Daga nan sai kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, da ƙungiyar iyaye da malamai. Dama a tsarin kwamitin akwai wakilin sarauta, da na malaman addini, da na mata, da na masu sana'a, da na tsofaffin ɗalibai, kenan jerin baƙinka na zaune a gabanka. Sai a je a gaida dagaci ko mai unguwa: "Ranka ya daɗe, muna so Sarkin Maƙera ya ba mu mutum ɗaya ya nuna wa 'ya'yanku aikin ƙira." In saƙo ya bi ta wannan hanya, wanda aka aika yakan ɗauke shi girmamawa. In kai kaɗai ka je, zai iya zaton wata bukata ce ta kuɗi ko ta siyasa.

Tun da maganar siyasa ta shigo: a rubuta ƙa'ida tun farko cewa mai neman kujera ba ya shiga aji a lokacin yaƙin neman zaɓe, haka mai tallan magani ko wata haja. In an rubuta kafin kowa ya nema, ranar da za a ce a'a ba za a ce da wane ake ba.

Je ka same shi a wurin aikinsa

A nan ne ake cin nasara ko a faɗi, kuma nan ne malamai suka fi kasala. Kada ka aika takarda ka zauna jiran rana. Tafi maƙera ko shagon, ka zauna a benci, ka kalli aikin na ɗan lokaci kafin ka kawo maganar.

Abin da za ka fara ji shi ne, "Haba Malam, ni da ban yi boko ba me zan gaya wa 'yan makaranta?" Kada ka ce masa lacca zai yi. Ce masa, "Baba, ba magana muke so ba. Abin nan da kake yi yanzu, shi za ka yi a gabansu, in sun yi tambaya ka amsa." Mai sana'a da ke rawar baki a gaban allo, da zarar awartaki ya shiga hannunsa sai bayani ya riƙa zuwa da kansa.

Ku daidaita abu uku kafin ka tashi. Na ɗaya, abu guda tak da zai nuna, wanda zai ƙare cikin minti ashirin. Na biyu, kayan da zai zo da su, da wanda zai ɗauko su. Na uku, tambayoyin da za ka yi masa in ya tsaya cak: shekara nawa ka yi kana koyo, wane kuskure ne sabon shiga ya fi yi, nawa ake kashewa nawa ake samu. Tambayar kuɗin nan yara na sonta ƙwarai, amma ka nemi izininsa tukuna, don ba kowa ke son a san cinikinsa ba.

Na taɓa tsallake wannan matakin sau ɗaya, na kuwa ji a jikina. Wani ma'aikacin lafiya muka gayyata ya yi bayanin zazzaɓin cizon sauro ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare. Ban je na same shi ba, waya kawai muka yi. Ya zo da takardu masu yawa, ya yi ta zuba Turanci da sunayen ƙwayoyin cuta har aka kaɗa ƙararrawa, yara na gyangyaɗi. Laifina ne. Da na zauna da shi, da na ce ya zo da gidan sauro da ɗan abin gwajin jini na nan take, ya nuna yadda layi ɗaya da layi biyu suka bambanta.

A cikin jerinka tilas a sami mata, ba don cika lissafi ba. Yarinyar da ke aji biyar tana jin ana maganar aurenta a gida, ganin ungozoma 'yar garinsu, mai aure da 'ya'ya, tana ba da labarin yadda ta yi makarantar koyon aikin lafiya, ya fi mata duk wata nasiha da namiji zai yi. In mai gidanta ne ke da ta cewa, shugabar mata ta kwamiti ita ce za ta kai maganar, ba kai ba.

Zaɓi rana da hankali

Kada ka sa ranar kasuwar garin, baƙo ba zai bar ciniki ba, rabin aji ma ba za su zo ba. Juma'a gajeriya ce. Manomi ba a kiransa lokacin shuka ko girbi. Zango na uku kuma ka ƙyale 'yan aji shida, WAEC na kansu daga wajen Mayu, NECO na biye da ita. In kana so su ji daga bakin tsohon ɗalibi da ke Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, ka kawo shi tun suna aji huɗu, lokacin da ake raba 'yan kimiyya da 'yan adabi. Sau da yawa yaro na son likitanci, sai a ajin ƙarshe yake jin cewa JAMB na neman Turanci da bayoloji da kemistiri da fizis, ga kuma kiredit biyar har da lissafi, shi kuwa ya yar da fizis tun shekara biyu baya.

Nemi darasi biyu a jere, minti tamanin. Kuma aji ɗaya, ba makaranta duka ba. Yara arba'in za su iya kewaye uwar maƙera su gani. Ɗari huɗu sai dai su ji ƙara.

Shirya yaran

Kwana biyu kafin ranar, koyar da batun yadda ka saba, sannan kowane ɗalibi ya rubuta tambaya ɗaya a takarda. Tace su ka zaɓi goma, ka ba masu su. Ka tabbata 'yan mata na cikin waɗanda za su fara tambaya, in ba haka ba maza uku na gaba za su cinye lokacin. Ka kuma ja musu kunne: wanda zai zo sa'an ubanku ne, ko da kayan aiki masu baƙin gawayi ya shigo, a miƙe a gaishe shi yadda ake gaida kowane malami. Wasu yaran sukan raina mai sana'ar hannu, musamman in mahaifin ɗan ajinsu ne. Wannan rainin ma yana cikin abin da ake so a kashe.

Ranar kanta

Ɗalibai biyu su tarye shi a bakin ƙofa, ya sa hannu a littafin baƙi, ya gaisa da shugaban makaranta. Kai kuma ba ka barin ajin ko na minti ɗaya. Baƙo ba ya zama shi kaɗai da yara, ko wane ne shi, wannan kariya ce gare su da shi kansa. In akwai wuta ko wuƙa ko sinadari, a waje za a yi, a ja layi a ƙasa wanda ba mai tsallakewa.

Aikinka shi ne tsayawa a gefen allo. Shi yana bayani da Hausa, kai kana rubuta kalmar Turanci da za su tarar a takardar jarrabawa. Mai gyaran waya ya ɗora mita a kan batir ta nuna wajen 3.7, ya ɗora a kan caja ta nuna 5. Kai sai ka rubuta sunan abin da aka auna da alamarsa. Ta haka abin da suka gani da ido ke haɗuwa da abin da ke cikin littafi. In baƙon ya faɗi abin da ya saɓa wa kimiyya, kamar wani camfi na sana'a, kada ka gyara shi a gaban yara. Ajiye shi zuwa darasi na gaba, ka ce ku zo mu gwada mu gani.

In lokaci ya kusa, ka matso kusa da shi ka ce, "Baba, saura tambaya biyu." Dattijo in labari ya yi masa daɗi ba ya jin ƙararrawa.

Bayan ya tafi

Wanda ya rufe shagonsa na awa biyu ya yi asarar ciniki. Ko bai nema ba, a ba shi kuɗin mota daga asusun iyaye da malamai, a biya gawayin ko zaren da ya ƙone. Wasu za su ƙi karɓa, su ce ai 'ya'yanmu ne. To a rubuta takardar godiya da hatimin makaranta, ɗalibai biyu su kai masa har wurin aiki, a kuma ambaci sunansa a taron iyaye na gaba. Na ga irin takardar nan an sa ta a leda an manna a bangon shago.

Yara su rubuta shafi ɗaya kan abin da suka gani, ka duba ka ba da maki. A jarrabawar ƙarshen zango kuma ka sa tambaya ɗaya daga wannan rana. In ba ka yi haka ba, zuwan baƙo na gaba za su ɗauka hutu ne.

Abu na ƙarshe, sayi littafi mai kauri ka ajiye a ofishin shugaban makaranta. Kowane baƙo shafi guda: sunansa, sana'arsa, inda ake samunsa, ta hannun wa aka bi, batun da ya dace da shi, ajin da ya shiga, abin da ya yi kyau da abin da ya kamata a gyara. Malamin gwamnati ba ya sanin ranar da takardar sauyin wurin aiki za ta zo. Ranar da tawa ta zo, littafin na da shafi goma sha tara, na miƙa shi ga malamar bayoloji tare da mukullin kabad.