Kafin ku kai rabon gado kotu

'Yan uwa, duk wanda aka yi wa rasuwa, Allah ya jiƙan mamacin. Kafin ku je kotun shari'a, ku fara karɓo takardar shaidar rasuwa daga ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, don banki ba zai saurare ku ba sai da ita. Ku zauna ku rubuta sunan kowane magaji, har da cikin da ba a haifa ba. Bashin da ake bin marigayi da wasiyyarsa, wadda ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku, su ake fara fitarwa. Lokacin rasuwar Babanmu mun manta takardar filin gona, sai da alƙali ya ɗage zama sau 2. Ku tafi da shaidu biyu da suka san iyakar gonar.