Yadda Ake Gano Dalilin Raguwar Ruwa a Na'urar Tace Ruwa ta RO

Idan na'urar tace ruwa ta RO (reverse osmosis, wato tace ruwa ta hanyar tura shi da matsi ya ratsa wani tantani) da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ta fara kawo ruwa siriri, ko kuma ta cika kofi ɗaya sannan ta koma ɗiga, yawancin mutane sai su nufi kasuwa su sayo sabon tantanin tacewa, wato abin da masu gyara ke kira mamburen. A ganina wannan gaggawa ce, domin tantanin shi ne ya fi tsada a cikin kayan da ake sauyawa, kuma sau da yawa ba shi ne mai laifi ba. Abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne: na'urar ce ta rage samar da ruwa, ko kuwa ruwan yana nan a tanki amma ya kasa fitowa? Za ka buƙaci agogo, da kofin awo, da gejin awon iska mai karanta ƙaramin matsi, da famfon keke, da kuma ƙaramin ma'aunin TDS, wato mai auna yawan gishiri da ma'adanan da suka narke a ruwa, idan kana da shi.

Kafin ka kwance komai, ka bi siraran tiyo ɗin da hannu daga farko har ƙarshe, ka tabbatar babu wanda ya lanƙwashe ko aka danne shi da bokiti, sannan ka duba ko makunnin shigar ruwa da na kan tanki a buɗe suke gaba ɗaya.

Mataki na biyu shi ne gwajin tanki, kuma a nan ne matsalar ta fi yawan ɓoyewa. Na'urar RO tana tace ruwa ne a hankali, shi ya sa ake haɗa ta da ƙaramin tankin ajiya. A cikin tankin akwai wata roba mai kama da balan-balan da ta raba ruwa da iska, kuma iskar ce ke turo ruwan zuwa famfo. Ka buɗe famfon har ruwa ya daina zuwa, sannan ka ɗaga tankin. Idan ka ji shi da nauyi alhali famfo ya tsaya, to ruwa yana ciki, iskar da za ta turo shi ce ta ragu. Sai ka rufe makunnin shigar ruwa, ka bar famfon a buɗe, ka cire murfin bawul ɗin iska da ke gefen tankin ko ƙasansa, wanda yake daidai da na tayar keke, ka riƙa ba shi iska kaɗan-kaɗan har duk ruwan ya fita. Bayan tankin ya zama fanko ne kawai awon iska ke da ma'ana, kuma abin da ake so shi ne tsakanin psi 5 zuwa 8 (psi ma'aunin matsi ne), gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. Kada ka kai shi wurin mai faci ya dura masa iska kamar taya, domin iska mai yawa tana hana tankin ɗaukar ruwa sosai, sai ka koma ga matsalar da ka gudo. Idan kuwa ka danna tsinken bawul ɗin ruwa ya fito maimakon iska, ko kuma iskar ta sake zurarewa cikin 'yan kwanaki, to robar ciki ta fashe, kuma maganinta sabon tanki.

Idan tankin ya zama mara nauyi ko da na'urar ta kwana tana aiki, to matsalar ta samar da ruwa ce, sai a wuce mataki na uku. Ka buɗe ruwan shiga, ka rufe makunnin tanki, ka buɗe famfon, ka jira minti biyu ko uku, sannan ka tari ruwan da ke fitowa na tsawon minti ɗaya. A jikin tantanin akwai lamba, galibi 50 ko 75 ko 100, wadda ke nufin galan nawa yake tacewa a awa 24. Mai lamba 75 yana ba da kusan lita 284 a rana, wato kimanin mililita 200 a minti ɗaya, mai lamba 50 kuma kimanin mililita 130. An auna waɗannan lambobi ne da ruwa mai zafin digiri 25 da matsi mai kyau, saboda haka samun ƙasa da su kaɗan ba abin damuwa ba ne. Ruwan sanyi yana ratsa tantani da ƙyar, inda duk digiri ɗaya da ya ragu ke rage yawan ruwan da kusan kashi 3 cikin ɗari, don haka raguwar da aka gani da sanyin safiyar hunturu tana iya warwarewa da kanta idan gari ya ɗumama. Amma idan abin da ka tara bai kai rabin lissafin ba, to lallai akwai abin da ya toshe ko ya raunana.

Mataki na huɗu shi ne duba matsin ruwan da ke shiga. Na'urar tana buƙatar aƙalla psi 40, kuma ta fi jin daɗin aiki a wajen 60. Gidajen da ke shan ruwan rijiyar burtsatse ta hanyar tankin sama suna buƙatar lura da wannan sosai, domin tsayin mita 10 ba ya ba da abin da ya wuce psi 14 da 'yan kai, tankin da ke bisa mita biyar kuwa rabin haka yake bayarwa. Irin wannan gida ba shi da makawa sai da ƙaramin injin ƙara matsi, wanda yawanci ke amfani da wuta mai bolt 24 ta hanyar adafta. Ka saurara ko injin yana tashi idan an buɗe famfo. Idan shiru ne, ka fara zargin adaftar, musamman a inda wuta ke yawan hawa da sauka. Idan yana ƙara amma gejin matsin ruwa bai tashi ba, ko dai ruwa ba ya isa gare shi, ko kuma robar cikinsa ta gaji.

Mataki na biyar shi ne matatun farko, wato farar matatar da ke kama laka da yashi, wadda galibi mai maikiron 5 ce (maikiron awon ƙanƙantar ramukanta ne), da kuma matatun gawayi da ke cire kulorin da wari. Ƙa'idar da aka saba ita ce a sauya su duk wata 6 zuwa 12, amma ruwa mai laka, kamar yadda ake gani da damina, yana iya toshe farar matatar cikin wata biyu. Ka rufe ruwa, ka buɗe famfo matsi ya sauka, sannan ka kwance gidan matatar da sifanar robar da ta zo da na'urar. Idan ta koma ruwan ƙasa ko ta yi santsi, a sauya ta. Wanke ta ba ya buɗe ƙananan ramukan da suka cushe. Bayan sa sababbin matatun gawayi, ka zubar da ruwan farko har baƙin garin ya wanke kafin ka bar shi ya isa tantani.

Sai yanzu ne aka zo kan tantanin, kuma tare da shi ake duba tiyon ruwan da na'urar ke zubarwa. A na'urorin gida na gargajiya, duk kofi ɗaya na tataccen ruwa yana tafiya da kofi uku zuwa huɗu na ruwan zubarwa. A kan wannan tiyo akwai ɗan abin da ke taƙaita gudun ruwa. Idan ya lalace, ruwa zai riƙa kwarara zuwa magudana, matsi ya faɗi. Idan kuma ya toshe, gishirin ruwa zai taru a kan tantanin ya yi masa farin ɓawo irin na cikin butar shayi, abin da ya fi saurin faruwa a ruwa mai zartsi. Ka auna TDS na ruwan shiga da na tataccen ruwa: lafiyayyen tantani yana cire kashi 90 cikin ɗari ko fiye, wato ruwa mai 300 ya koma 30 ko ƙasa. Idan matsi ya isa, matatun sababbi ne, ruwan zubarwa yana tafiya daidai, amma tataccen ruwa yana ɗiga, to tantanin ya toshe, musamman idan ya shekara biyu zuwa uku. Ka sayo mai lamba ɗaya da tsohon, ka sauya ɗan abin taƙaita gudun ruwan tare da shi, sannan ka cika tanki ka zubar sau biyu kafin a fara sha.