Yadda Ake Aika Takardu da Ƙunshi ta Gidan Waya Daga Maraɗi

Duk wanda zai aika takardar da ba a samun madadinta cikin sauƙi, kamar shaidar kammala karatu ko takardar haihuwa, ya kamata ya fara tantance inda za ta kafin ya zaɓi hanya. Idan Yamai ko Damagaram za ta, yawancin mutanen Maraɗi tashar mota suke kai ta, a biya, a kira mai karɓa ya je ya amsa. Amma idan saƙon zai tsallaka zuwa Faransa, Amurka ko Saudiyya, gidan waya na Niger Poste ya fi dacewa, domin Nijar tana cikin ƙungiyar gidajen waya ta duniya mai hedikwata a birnin Bern, kuma a ƙarƙashin wannan tsari ne gidan wayar kowace ƙasa yake karɓar saƙon wata ƙasa ya isar da shi.

Adireshi shi ne wurin da aka fi yin kuskure, don haka a nan ya kamata a natsu. A rubuta sunan mai karɓa da manyan baƙaƙe kamar yadda yake a katin shaidarsa, ba laƙabin da aka san shi da shi a gida ba, domin ma'aikaci ba zai miƙa saƙo ga wanda sunansa ya saɓa da na takarda ba. Sai lambar gida da titi ko lambar akwatin gidan waya, da gari, da ƙasa a layin ƙarshe, a ƙara lambar wayarsa. Shi ma mai aikawa ya rubuta nasa adireshin a bayan ambulan, saboda saƙon ya dawo masa idan ba a sami mai shi ba. A Maraɗi ba a saba bin gidaje ana raba wasiƙu ba, akwati ake haya, wanda ake rubuta shi da BP sannan lamba. Wanda ya ba ɗan'uwansa na ƙetare adireshin "unguwar Zariya, kusa da masallaci" kaɗai bai ba shi komai ba. Ina kuma jan hankali, a adireshin Maraɗi, a rubuta "République du Niger" cikakke, domin a ƙasashen waje ana yawan rikita Nijar da Najeriya, saƙo ya bi wata hanya ya yi makonni.

A wurin ma'aikaci, a nemi aikawa mai rajista, wadda ake kira recommandé, ko kuma EMS idan ana gaggawa, ko da yake ta fi tsada. Za a auna nauyi a faɗi kuɗin. Rasit ɗin da za a bayar yana ɗauke da lamba mai gurbi 13: baƙaƙe biyu, alƙaluma tara, sai NE a ƙarshe, wato alamar Nijar. Da ita ake bin sawun saƙon a intanet, da ita kuma ake kai ƙorafi, saboda haka a ɗauki hotonta a tura wa mai karɓa tun kafin a bar wurin.

Ƙunshi kuwa kada a liƙe shi tun daga gida, domin ana iya buƙatar ganin abin da ke ciki, sannan a cika takardar duwan, CN22 ko CN23, a bayyana kayan da kimarsu bisa gaskiya. Kilishi tsaraba ce da ’yan’uwa na nesa suke marmari, amma ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shigar da nama ta wannan hanya, kuma za a ƙwace shi a can. Turaren fesawa da batirin da ba ya cikin na'ura ba sa shiga jirgi ta gidan waya. Tsabar kuɗi kuma kada a saka su cikin ambulan. A tura su ta kamfanonin tura kuɗi kamar Nita ko Amana, su kuma takardun a ajiye kwafinsu a gida kafin a rufe ambulan.